Yadda Za Ka Kare Bututun Ruwan Banza Daga Hannun Injiniya

Ɗan'uwa, in abincinka a gindin bututun da wani kamfani ke zubar da ruwansa yake, matso kusa, yau kakarka ta yanke saƙa. Zan ba ka matakai tara. In ka bi su daki-daki, babu injiniyan da uwa ta haifa da zai rage maka ko ɗigo. Tabbas ne, ba wai-wai ba. Ni da kaina na gwada su ɗaya bayan ɗaya, ga ni kuma da raina da lafiyata.

Wane ne ni da zan koya maka? Shekarata goma sha ɗaya ina wankin mota a bayan katangar wani kamfanin ruwan roba. Mai Soso ake ce mini, har matata in ranta ya ɓaci. Jarina bokiti huɗu ne, da soso, da tsumma, da rumfar kwano, da benci mai ƙafa uku da rabi. Sai kuma uban tafiyar: wani bututu mai kaurin cinyata da ya leƙo ta ƙasan katanga, yana kwararar da ruwa tun hantsi har injin ya huta. Ban haƙa ba, ban ja ba, ban roƙa ba. Abin da na ɗiba na ɗiba, sauran ya bi kwata yana waƙa.

Gyara zama.

Mataki na ɗaya: Ka san asalin gatanka

Kada ka zama irin masu shan inuwa ba su san sunan bishiyar ba. Ni sai da na shekara uku kafin in tambayi Baba Maigadi, dattijon da ke tsaron ƙofar kamfanin, dalilin da ya sa masu sayar da ruwa ke zubar da ruwa.

Ya ce, "Ɗan nan, injin da ke ciki Ar'o ake ce masa. Yana danna ruwan burtsatse da ƙarfin tsiya ta cikin wata rariya mai ƙananan ido, idon da ko gishiri ba ya wucewa. Wanda ya tsallake shi ake ɗurawa a roba. Wanda ya maƙale, da zartsinsa da tarkacensa, shi ake koro maka."

Na ce, "Kamar nawa ake korowa, Baba?"

Ya ce, "In an ja bokiti goma daga ƙasa, biyar nasu, biyar naka."

Allahu Akbar! Ashe duk shekarun nan raba-daidai muke yi da mai kamfani ban sani ba. Tun daga ranar na canza tafiya. In motar kamfani ta wuce sai in ɗaga wa direba yatsa biyu kawai, irin gaisuwar masu hannun jari.

Masu iya magana sun ce, wanda ya san rabonsa ba ya gaisuwa da hannu biyu. Kada ka wahalar da kanka neman masu iya maganar nan. Ni ne.

Mataki na biyu: Ka riƙe maigadi gam

Maigadi shi ne rediyon kowane kamfani. Ka riƙa wanke masa keke kyauta, har da goge ƙararrawa. Ranar da masifa za ta zo, shi zai fara busa maka.

Tawa ta zo wata Talata. Baba ya zagayo bayan katanga, ya zauna a bencina ta ɓangaren da ba ya karkata. Baba ba ya barin bakin ƙofa sai da dalili.

Ya ce, "An kawo Injiniya."

Na ce, "Allah ya sa alheri. Janareta ne ya sake tari?"

"Ba ta janareta ba ce. Ta ruwa ce. Na ji tana gaya wa Manaja wai zubar da rabi almubazzaranci ne. Ta ce in an bi shawararta, a cikin goma takwas za su shiga roba."

Na tsaya da soso a hannu ina lissafi. Goma a cire takwas. Na sake lissafawa ta wata hanyar ko amsar za ta ji tausayina. Biyu dai ta sake ba ni.

A wannan gaɓar kada ka firgita a gaban jama'a. Ka shiga bayan motar da kake wankewa, ka tsuguna kamar mai duba taya, ka firgita a can.

Mataki na uku: Ka tare ta da ilmi

Injiniyoyi ba sa tsoron komai sai wanda ya fi su sani. Saboda haka ka zama shi.

Washegari ta zagayo da kanta don ta ga inda bututun ke zuba. 'Yar siririya ce, da hular kwano a kan ɗankwali, da takalmi mai nauyi kamar na soja, da wata 'yar na'ura kamar biro da take tsomawa a ruwa. Na gyara wuyan riga, na tare ta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, barka da zuwa. Ni ne mai kula da sashen waje. A matsayina na wanda ya daɗe a harkar Ar'o, shawarata ita ce a bar injin nan yadda Allah ya halicce shi. In aka matsa masa, zuciyarsa za ta buga."

Ta dube ni, ta yi murmushi. Ta ce, "Gaskiyarka, Malam. In aka matsa masa a yadda yake, zai toshe."

Ka gani? Minti ɗaya na kayar da ita. Kuskurena ɗaya: ban tafi a lokacin ba.

Ta hango tsohuwar butar da nake dafa shayi, ta ɗauka, ta buɗe, ta nuna mini cikinta. Ta ce, "Wannan farin ɓawon da ya kama gindinta, mene ne?"

Na ce, "Tsufa ne."

Ta ce, "Alli ne. Yana narke a ruwan burtsatsen nan, ido ba ya ganinsa. In ruwa ya ragu shi ba ya raguwa, sai ya taru ya daskare. Abin da yake yi wa butarka shi yake yi wa rariyar injin. Shi ya sa ake zubar da rabi, don ruwan ya kwashe shi ya fita da shi kafin ya kama. To, in muka cire allin tun kafin ruwa ya isa rariyar fa?"

Na ce, "Da me? Da cokali?"

Ta zaro wata 'yar leda daga aljihu. A ciki akwai wasu ƙwayoyi ƙanana, masu launin zuma, masu sheƙi. Ta ce, "Rezin ke nan. Za mu cika tanki da shi a gaban injin. Kowace ƙwaya tana riƙe da ɗan gishiri. In ruwa ya bi ta kanta, sai ta cafke allin ta saki gishirin a madadinsa. Shi kuwa gishiri ba ya daskarewa a rariya da wuri, sai mu matsa ruwan sosai ba fargaba."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Au, ba ni gishiri in ba ka manda ke nan!"

Ta tafa hannu. Ta ce, "Wallahi shekarata shida ina neman yadda zan faɗe shi a taƙaice. Malam, na gode!" Ta ciro littafi ta rubuta.

Darasi: in ka je yaƙi, kada ka wasa wa abokin gaba takobi.

Mataki na huɗu: Ka saki jita-jita

Ilmi ya ƙi, sai a koma ga tsohuwar hanya.

Ranar da aka kawo tankin, dogo shuɗi ya fi Manaja tsayi, wasu ƙwayoyin suka zube a bakin ƙofa. Baba ya tsinto mini cikin tafin hannu. Na zuba su a kwalba, na ƙara ruwa, na ajiye a kan benci inda kowane direba zai gani. Ban ce komai ba. Jita-jita mai inganci ba a tallarta, jira ake a tambaya.

Wanda ya fara tambaya shi ne Ba Birki, direban tasi, babban kwastomana, mutumin da ko labari yake bayarwa ba ya tsayawa a kwana.

Ya ce, "Mai Soso, mene ne wannan?"

Na waiga hagu da dama, na rage murya. Na ce, "Ni ban ce komai ba. Amma ka taɓa ganin ƙwan kwaɗo?"

Ya zaro ido.

Na ce, "Da shi za a riƙa tace muku ruwan sha. Ni dai in na ji cikin mutum ya fara kuka da damina, ba zan yi mamaki ba."

Kafin la'asar labari ya kai tasha. Kafin washegari ya kai kasuwa, ya dawo mini da ƙari: wai an ga wata mata ta yi hamma ɗan kwaɗo ya leƙo. Ni da na ƙirƙiro abin sai da tsigar jikina ta tashi.

Inda aka samu matsala, Ba Birki mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Ya karɓi kwalbar ya ɗaure ta a gaban motarsa, yana jiran ƙyanƙyasa. Yana canza musu ruwa, yana kare su daga rana da hularsa. Kwana biyar shiru. Rana ta shida ya tare Injiniya a bakin ƙofa, a gaban direbobi sun fi goma, ya ce, "Ranki ya daɗe, don Allah kwana nawa suke yi?"

Ta karɓi kwalbar, ta ciro ƙwaya ɗaya, ta ɗora a kan dutse ta danne da ɗan makulli. Ta fashe kamar dutsen wuya na roba, ba ruwa ba jini. Ta ce, "Roba ce, Malam direba. Amma ka ci gaba da kiwo. Ranar da ɗaya ya ƙyanƙyashe ka kira ni, ni da kai mun yi suna a duniya."

Aka bushe da dariya. Wani ya ce, "Wa ya ce maka ƙwai ne?" Ba Birki, wanda ba ya tsayawa a kwana, ya miƙe yatsa sak zuwa rumfata.

Mako biyu ana kirana Baban Kwaɗi. Ka daure. Duk mai babban buri sai an yi masa laƙabi.

Mataki na biyar: Kada ka nemi goyon baya a gida

Wannan gajere ne, don har yanzu yana yi mini zafi.

Na koma gida na tarar da matata, Maman 'Yan Biyu, a bakin rijiyar gidan hayarmu, tana ƙulla wani guntun igiya a jikin ta guga. Ƙulli na uku ke nan a bana. Na zauna a kan turmi na zayyana mata zaluncin da ake shirin yi mini, da goma da takwas da biyu, har da rezin.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Baban 'Yan Biyu, tsaya in gane. Yanzu suna jan goma su sami biyar?"

"Haka ne."

"In gyaran ya yi, shida da 'yan kai za su ja su sami biyar ɗin nan?"

Na ce, "To, kusan haka."

"Sauran da ba su ja ba, ina zai zauna?"

Na ce, "A ƙasa mana."

Ta nuna cikin rijiya da haɓa. Ta ce, "To ƙasan nan ita ce wannan. Kai kana can kana yi wa tayar mutane wanka da ruwan da ke bin kwata, ni ina nan kafaɗata na tsinkewa. In ka ga Injiniyar ka ce ina gaishe ta."

Na ce, "Ke matar wa ce?"

Ta miƙo mini igiyar. Ta ce, "Ja guga biyar, sai in tuna."

Mataki na shida: Ka kai kuka sama

Ka sa rigarka ta zuwa suna, ka shafa mai, ka nemi ganin Manaja. Ka shirya jawabi mai taɓa zuciya. Nawa ya fara da "Yallaɓai, tun kafin a yi wa katangar nan fenti."

Bai bari na kai fenti ba. Ya ce, "Mai Soso, zo ka ga wani abu." Ya kai ni bayan ɗakin injin, inda wasu dogayen abubuwa kamar gungumen icce suke jingine. Ya ce in ɗaga ɗaya. Na ɗaga, bayana ya yi ƙara. Bakin abin fari fat, ya daskare kamar siminti.

Ya ce, "Rariyar injin ke nan, membiren. Sabuwa da hannu ɗaya ake ɗaukarta. Waɗannan alli ya kashe su, karo na biyu a shekara ɗaya. Famfon burtsatse kuma sau biyu muna ƙara zurfafa shi yana bin ruwa. In ruwan ya ƙara sauka, rufewa za mu yi. Mutum arba'in ke aiki a nan. In mun rufe, bututunka me zai zubar?"

Na ce, "Yallaɓai, ni ma ma'aikaci ne. Ta waje."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Na sani. Ranar Alhamis mai kamfani za ta zo ganin sabon tankin. Zan bar maka motata da safe, ina so ta yi ƙyallin da za ta ga fuskarta a jiki."

Motar Manaja baƙa ce wuluk, doguwa, yana sonta fiye da yadda ya kamata mutum ya so ƙarfe. Ka riƙe wannan.

Mataki na bakwai: In an tsuke ƙofa, ka nemi taga

Ranar Litinin aka kunna tankin. Ina tsaye ina kallo, bututuna da ke ruri kamar zaki ya koma zirara kamar haɓo. Bokitin da ke cika kafin in ajiye soso, yanzu sai in tsaya ina yi masa addu'a. Motoci uku suka gaji da jira suka tafi. Na huɗun ya tsaya, amma don tayarsa ta yi faci ne. Ranar na koma gida da wuri, na ce wa 'yan biyu kaina ke ciwo, don kada su tambaye ni tsaraba.

Amma mai nema yana tare da samu. Ranar Talata da hantsi na ji wani kwarara ta cikin katanga, can kusurwa. Na taka benci na leƙa. Wani sabon bututu ne siriri, yana zuba cikin wani rami na siminti mai murfi, yana zuba da ƙarfi kuwa, ruwa garau kamar hawaye.

Na ce, "Baba, wancan fa?"

Ya ce, "Wai duk bayan kwana biyu zai riƙa zuwa. Ta ce kada kowa ya taɓa shi."

Ɗan'uwa, rubuta wannan da babban baƙi: duk abin da aka ce kada a taɓa, nan aka ɓoye alherin.

Ranar Alhamis da safe na zura tiyo ta saman katanga, na zuƙa, na cika duk abin da ke da gindi a rumfata. Da na zuƙa ɗin na ji wani abu a harshena, amma na ce zumuɗi ne. Wani ɗan yanka da ke yatsana ya fara raɗaɗi, na ce shaidan ne. Na wanke motar Manaja ciki da bai, na ɗauraye sau biyu don burgewa. Ruwa ya rage, na haɗa da tasin Ba Birki kyauta, a matsayin sulhu. Motar ta yi ƙyalli har na gyara hulata a jikinta. Na kai ta bakin ƙofar kamfani, inda rana ta fi kyau, na dawo na ɗora shayi.

Ban kai ga kurɓa ta biyu ba na ji Baba yana kirana da wata murya da ban san yana da ita ba.

Baƙar mota ta zama fara. Fara sol, tun daga gilashi har taya, kamar ta kwana a gidan injin niƙa. Amma ba wannan ne babban tashin hankalin ba. Awakin unguwa ne. Ban san wa ya aika musu ba, amma sun zo su tara, sun kewaye motar suna lasa. Biyu a ƙofa, uku a taya, wani jan bunsuru ya haye kan bonet yana lasar gilashi da nutsuwa, idonsa a lumshe, kamar wanda ya daɗe yana mafarkin wannan rana. Can gefe Ba Birki yana kokawa da wata akuya a kan madubin tasinsa.

A daidai lokacin motar mai kamfani ta shawo kwana.

Mataki na takwas: In an kama ka, ka gwada gaskiya, tunda saura sun ƙare

Manaja ya fito da gudu, ya tsaya, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Injiniya ta biyo shi. Ta shafa motar da yatsa, ta taɓa a harshe, ta dubi tiyona da ke reto a kan katanga, ta rufe ido.

Ta ce, "Malam, in rezin ya ƙoshi da alli, da ruwan gishiri mai kauri muke wanke shi, don ya saki allin ya ɗauki sabon gishiri. Wannan wankin shi ke zuwa ramin can, mota ta zo ta kwashe. Ka wanke motar Yallaɓai da gishirin buhu guda." Ta juya ga ma'aikata. "A jawo tiyon ruwa mai kyau yanzu-yanzu, kafin ya ci ƙarfen!"

Sai a lokacin muryar Manaja ta dawo, ta dawo kuwa da 'yan rakiya. Ya ce yau zai toshe bututun da siminti, ya ce a rushe rumfar, ya ce in na ƙara wucewa ta layin nan ko a mafarki ne sai ya sa an kama ni.

Mai kamfani, wata dattijuwa mai sanda, ta fito daga motarta. Ta riƙe ƙarfen ƙofa tana dariya har tabaranta ya zame. Da ta samu numfashi ta ce, "Wane ne mai wannan aika-aika?"

Na cire hula. Na duba cikina ko da sauran dabara, na tarar wayam. Na ce, "Ni ne, Hajiya. Tsoro ne ya sa ni. Shekara goma sha ɗaya da bututun nan nake ciyar da gidana. Da na ga ya rame sai na ga kamar tukunyata ce ta rame. Ban iya wata sana'a ba."

Bunsurun dai bai fasa aikinsa ba.

Injiniya ta ce, "Malam, mota ɗaya bokiti nawa take ci?"

Na ce, "Shida. Babba takwas."

"Mota nawa a yini?"

"Ranar sa'a, goma sha biyar."

Ta ce, "Bai fi ɗari da 'yan kai ba ke nan. Bututun nan, a ramen da kake gani, yana zubar da fiye da ɗari uku kafin a tashi. Kana ɗiba ne kawai lokacin da mota ta zo, sauran yinin yana bin kwata. Ruwa bai yi maka kaɗan ba, wurin tara shi ne ba ka da shi." Ta juya. "Hajiya, akwai tsohon tanki a bayan ɗakin janareta, ƙadangaru ne kawai ke haya a ciki."

Dattijuwar ta goge ido da gefen mayafi. Ta ce, "A ba shi. Na shekara ban yi dariya irin ta yau ba. Amma ya wanke motar nan sau uku da ruwan kirki, kuma in ya sake taɓa wancan bututun, da bunsurun nan zan haɗa shi."

Manaja bai yi mini magana ba har kwana goma sha biyu. A rana ta goma sha uku ya ajiye makullin motarsa a kan bencina, ya ce, "Ka ɗanɗana ruwan tukuna." Ya wuce.

Mataki na tara: Ko ka sha kaye, kada ka karɓi shawara a fanninka

Aka ɗora mini tanki a kan bulo, aka sa famfo a gindinsa. Kafin azahar ya cika har yana tumbatsa. Injiniya ta zo dubawa, ta tsoma 'yar na'urarta, ta ce, "Abu biyu, Malam. Da sauran ɗan gishiri a ruwan nan, don haka ka riƙa gogewa da tsumma kafin rana ta busar. Na biyu, yanzu babu alli a ciki. Alli ne ke cinye maka sabulu. Ka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu."

Na ce, "To, ranki ya daɗe." A zuci kuwa na ce, rezin naki ne, Ar'o naki ne, amma sabulu gidanmu ne. Mutum ya rasa bututu, ya rasa mutunci a gaban awaki, sannan a koya masa awon sabulu?

Tasin Ba Birki ce a layi, yana ciki ya kwantar da kujera yana jin rediyo. Na zuba garin sabulu cikin hannu uku kamar kullum. Na ƙara na huɗu don in nuna matsayina. Na kaɗa.

Ɗan'uwa, bokitin nan ya yi aman da ban taɓa gani ba. Kumfa ta taso ta wuce gwiwata. Na watsa wa motar don in rage, ta ninka. Na sa ruwa in kashe ta, ashe abincinta na ba ta. Taya ta ɓace, ƙofa ta ɓace, lambar tasi ta ɓace. Bencina ya nutse. Baba ya zagayo ganin lafiya, iska ta ɗebo wani curi ta ɗora masa a ka, ya tsaya kamar wanda aka naɗa wa rawanin auduga, yana cewa, "Ɗan nan, me ka kuma taɓawa?"

Daga cikin farin dutsen nan sai ga hon, sai ga muryar Ba Birki can ƙasa: "Mai Soso! Gari ya waye ne ko na mutu?"

Ma'aikata suka hau katanga suna ihu. Masu wucewa suka tsaya suna ɗauka a waya. Maman 'Yan Biyu ta iso da kwanon abincina, ta tsaya a bakin kumfar tana neman mijinta, sai da na ɗaga soso sama ta gane inda nake. Ta ajiye kwanon a kan katanga, ta zauna a ƙasa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma, da na ga babu sauran abin karewa, na zauna cikin kumfata na taya ta.

Motoci ashirin da biyu na wanke ranar, dukkansu da bokitin nan ɗaya. Rabinsu kallo suka zo yi, kunya ta sa suka ba da wanki.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya same ka sakamakon bin waɗannan matakai, ko a jikinka, ko a aurenka, ko a fentin motar wani. Tabbacin da aka bayar a sama na baka ne, kuma bakin ya riga ya janye. In aka kai ka gaban hukuma ka ambaci sunana, zan ce ban taɓa ganinka ba, ga kuma shaidu a tasha da za su rantse ba a yarda da maganata.

Abu na ƙarshe, don kada ka ce ban gaya maka ba. Jiya Injiniya ta gama aikinta a nan. Da za ta tafi ta tambaye ni ko na san wani kamfanin da har yanzu yake zubar da rabin ruwansa, da wani bawan Allah zaune a gindin bututun.

Na yi mata kwatancen naka. Gobe da hantsi za ta iso.